Bushiyar Mama Doris

Abu na farko da aka karɓa daga hannuna a Dubai shi ne fasfona. Ban ma gama fitowa daga filin jirgi ba, Alhaji Mudi ya miƙo hannu yana murmushi.

"Kawo nan, Malam Lawan. A garin nan ba a yawo da shi. Ni zan kai a buga maka takardar zama."

Na ba shi da hannu biyu, har da godiya.

Ni tela ne. Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗinki a Fagge, kuma da surfani aka fi sanina. Alhaji Mudi ya kawo mini shadda ne wata rana, ya juya aikina a hannunsa, ya ce hannu irin nawa asara ne a bar shi a Kano, akwai wani Balarabe mai shagon abaya da ke neman irina ido rufe. Na sayar da kekunana da injin surfani, na bar matata da 'ya'yana uku a gidanmu wurin Inna, mahaifiyata, na biyo shi.

Zangona na farko Al Ras ne, tsohuwar unguwa a bakin ruwa, inda lungu ke warin kanumfari da busasshen lemun tsami. Ya kai ni wani ɗaki a saman sito, mu bakwai a ciki, duk 'yan Arewa masu zuwa sarin kaya. Ya ce jibi zai zo mu je wurin Balaraben. Jibi ta zo ta wuce. Rana ta huɗu na kira wayarsa, wata mata ta amsa da Larabci, ta maimaita da Turanci, cewa layin a kashe yake. Haka ta yi ta gaya mini har na haddace muryarta.

A cikin mutanen ɗakin akwai wani dattijo ɗan kasuwar Kwari, Alhaji Garba, mai sarin yadi. Shi ya lura na daina cin abinci. Ya ce in nuna masa takardar da na shigo da ita. Ya sa tabarau, ya duba, ya miƙo mini.

"Malam Lawan, wannan ai bizar yawon buɗe ido ce. Wata biyu kacal gare ta. Ba ta aiki ba ce."

"Amma ya ce zai canza ta, Alhaji."

"Wa ya gan shi? Ka ga Dala ne kawai, ɗan'uwa, ba ka shiga birni ba."

Ya ja ni wani gidan abinci na 'yan Najeriya, ya sa aka kawo mini tuwo da miyar kuka, ya zauna yana kallona har na cinye. Daga nan ya haɗa ni da masu ɗaure kaya a wurin 'yan kago. Aikina in ɗinke bakin dila da basilla da igiya. Hannun da ya saba da zaren siliki ya koma huda buhu, amma dai allura ce, kuma ina samun na abinci. Kafin ya koma gida Alhaji Garba ya ce in yi haƙuri in nemi hanyar komawa. Na ce masa da wane fasfo, kuma da wane ido zan kalli Inna, bayan ta raka ni har zaure tana sa mini albarka a gaban maƙwabta. Ya girgiza kai, ya rubuta mini lambarsa a bayan kwalin shayi.

Wata rana da hantsi wani mutum mai ƙaton tumbi ya shigo sito yana tambayar Lawan. Ya zaro fasfona daga aljihu, ya nuna mini hotona, ya mayar. Ya ce Mudi ya miƙa ni gare shi, yana da kamfanin 'yan aikin gini, zai yi mini takarda in na fara aiki. Ban san shi ba, ban yarda da shi ba, amma fasfona yana aljihunsa. Na ɗauki jakata na bi shi kamar akuyar da aka ja igiyarta.

Haka na isa Muhaisnah, wadda ma'aikata ke kira Sonapur. An ce ma'anar sunan garin zinariya. Dogayen gine-gine ne masu kama da juna, an shanya kayan aiki a kowace baranda, ƙofar kowane ɗaki tulin takalma. Mu goma a ɗakinmu, gado kan gado. Ana idar da asuba bas ke ɗaukar mu, sai bayan magariba ta dawo da mu. Ina ɗaukar ƙarafa da buhunan siminti a wani bene da ban taɓa sanin sunansa ba. Zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, kamar an rufe mutum da bargon da aka tsoma a ruwan zafi. Cikin sati uku tafin hannuna ya tsage, yatsuna suka kumbura har ba na iya zura zare a allura. Ranar da na gwada na kasa, na shiga banɗaki na yi kuka, ni da furfura a gemu.

A ƙasan gadona akwai wani ɗan Pakistan mai suna Gul, ya girme ni, ya shekara goma sha biyar a ƙasar. Ba ma jin yaren juna sai guntun Larabci da guntun Turanci. Ya ga hannuna, ya ɗauko wata kwalbar man mustad, irin wanda suke shafawa a ƙasarsu, ya kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana murzawa. Ya ce, "Shwayya shwayya." A hankali, a hankali. Kullum in mun dawo sai ya yaga gurasarsa biyu ya aza mini rabi a gwiwa. Da hannun ya lafa, na riƙa ɗinke wa mutanen ɗakin kayan aikinsu ranar hutu, su kuma su haɗa mini shayi.

Duk Juma'a nakan kira gida. Inna ba ta son waya mai hoto, ta ce tana sa ta jiri, don haka ban sha wahalar ɓoye fuskata ba.

"Lawandi, Larabawan suna son ɗinkin naka?"

"Suna so, Inna."

"To, ka riƙe amana. Kada ka ci yadin mutane."

"Ba zan ci ba, Inna."

Takardar da aka yi mini alkawari ba ta zo ba. Bizata ta ƙare tuntuni, na zama mutumin da in ya hango motar 'yan sanda sai ya sake hanya. A wata na tara, wata safiya bas ba ta zo ba. Washegari ma haka. Da muka je ofishin kamfanin muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai tumbi ya gudu, da fasfo ɗinmu gaba ɗaya. Masu takarda suka kai ƙara. Irina marasa takarda muka watse, kowa ya kama gabansa.

Gul ne ya sake ceto na. Yana da ɗan'uwa mai gadin wani ɗakin ajiya a Al Quoz, unguwar masana'antu da gareji, inda masu ƙaura ke ajiye kayan gida. Ya roƙa aka bar ni ina kwana a bayan ɗakin gadi, ina taya sauke kaya in mota ta zo. Ranar da zan tafi ya cusa mini kwalbar man a jaka. Ban sake ganinsa ba.

Na kai wata huɗu a nan lokacin da aka kawo wata kwantena daga Ingila. Mai kayan ta zo da kanta, wata Baturiya mai kimanin shekara hamsin, ana ce mata Madam Helen. Malamar makaranta ce a garin. Kayan na mahaifiyarta ne, wadda ta ɗauko daga can saboda tsufa ya kama ta kuma ba mai kula da ita. Muna ta fito da kujeru da littattafai, sai ni da wani muka ɗauko wata tsohuwar adaka ta katako. Ƙasanta ya sha ruwa a hanya, muna ajiye ta katakon ya buɗe. Madam Helen ta durƙusa ta ɗaga murfin, wari irin na rima ya bugo mu, ta sa hannu ta toshe bakinta.

Na leƙa. 'Yan tsana ne, manya, irin waɗanda ake zura hannu a ciki a motsa, kamar na 'yan dabo-dabo. Akwai agwagwa mai hula, akwai wani tsoho mai tabarau. Asu ya ci su, ruwa ya ƙarasa. A samansu wata bushiya ce mai ɗan gyale a wuya, ido ɗaya ya fita, hancin ya rataya da zare guda.

Na san bushiyar nan.

Muna yara a Fagge, gida ɗaya ne ke da talabijin a layinmu, gidan wani ma'aikacin reluwe. Da la'asar sakaliya yakan buɗe taga, mu taru a waje, manya a baya, ƙanana a kan bulo. Akwai wani shirin yara na Ingila da ake sakawa, baƙi da fari, na waɗansu dabbobi da ke zaune a bakin rafi. Ba ma jin ko kalma ɗaya, mu muke ƙirƙira musu magana da Hausa. Wadda muka fi so bushiya ce, saboda komai ta taɓa sai ya ɓaci, sannan ta sunkuyar da kai ta rufe ido da hannu ɗaya. Har Inna takan ce mini in na yi ɓarna, "Ka wani rufe ido kamar bushiyar talabijin." Ban taɓa sanin gyalenta ja ne ba sai ranar nan.

Ban san lokacin da na yi magana ba. Na ce da guntun Turancina, "Madam, na san wannan." Na sunkuyar da kai, na rufe ido da hannu ɗaya.

Ta ɗago ta dube ni kamar ta ga aljani. Ta tambaye ni daga ina nake, na ce Kano, Najeriya. Ta ce ba ta taɓa sanin shirin ya je can ba. Ta ce hannun mahaifiyarta ne a cikin bushiyar nan, muryarta ce kuma, shekara goma sha ɗaya. Da aka daina shirin aka bar mata su. Ta so ta nuna mata su ko za ta tuna wani abu, don yanzu ko ita 'yarta ba ta ganewa. Ga shi sun lalace.

Na ɗauki bushiyar, na juya ta, na duba ɗinkin ciki. Na ce, "Ni tela ne. Za ta gyaru."

Na faɗa ne kafin in yi tunani, da na koma makwancina sai zuciyata ta fara damuna. Abu mai siffar mai rai, ni Musulmi, da hannuna? Na lalubo kwalin shayin nan na kira Alhaji Garba. Ya yi salati da ya ji muryata, ya ce ya ɗauka na mutu. Na gaya masa komai.

"Ni ba malami ba ne, Malam Lawan," in ji shi. "Amma na sha jin malamanmu suna cewa an yi rangwame a kan 'yar tsanar yara. Kuma kai ba ƙera ta za ka yi ba, yagewa ta yi za ka ɗinke. Tsohuwa ce fa marar lafiya. Je ka yi aikinka, Allah Ya san niyyarka."

Zangona na ƙarshe gidan Madam Helen ne, wani ɗan gida mai bishiyar darbejiya a tsakar gida, wadda ganinta kawai ya sa na ji kamar in rungume ta. Nakan zo da safe in tafi kafin magariba. Aka ajiye mini tebur a falo kusa da taga. A gefe guda, cikin kujera mai taya, ga mahaifiyarta, Mama Doris, 'yar ƙaramar tsohuwa fara sol, an rufa mata bargo a gwiwa duk da zafin garin. Na gaishe ta, ta dube ni ta kau da kai. Madam Helen ta kawo mata shayi, ta karɓa ta ce, "Na gode, 'yammata. Yaushe 'yata za ta zo ɗaukata?" Madam Helen ta ce, "Ta kusa," ta juya ta shige kicin da sauri.

Na farke bushiyar gaba ɗaya. A ciki akwai waya da ke riƙe kai, da fatar da aka yi baki da ita, da wani ɗan zobe da ake sa yatsa a ja ido ya rufe. Wanda ya yi ta gwani ne. Na wanke abin da zai wanku, na shiga kasuwar yadi na yi kwana biyu ina neman gashi mai kalar nata, na samo maɓallin gilashi da zai zama ido. Ranar da na fara haɗawa, ina cikin ɗinke hannun, na ji murya a kaina, mai kaifi kamar ta shugabar makaranta.

"Ba haka ba. Ka matse shi. Yaya za ta rufe ido in hannun bai kai ba?"

Mama Doris ce. Ta turo kujerarta har bakin tebur ban sani ba. Ta karɓi hannun, ta nuna mini inda zan saki, yatsunta sun san wurin. Ta yi gaskiya, na matse shi. Na farke na sake.

Daga ranar kullum tana gefena. Ba ta san sunana ba, ba ta san garin da take ba, wani lokaci takan tambaya me ya sa ba a yin ruwa. Amma aikin nan ba abin da ta manta a cikinsa. Ta ba ni labarin yadda suke kwanciya a ƙarƙashin wani dogon tebur, hannu a sama, fitilu suna gasa su, tun safe har yamma, har kafaɗa ta mutu. Ta ce su huɗu ne, ba wanda aka taɓa nuna fuskarsa. Ta ce ta taɓa zama a jirgin ƙasa kusa da wata yarinya da ke rungume da littafi mai hoton bushiyar, ta yi mata muryar a hankali, yarinyar ta yi ta leƙen ƙarƙashin kujera. In lokacin salla ya yi na shimfiɗa darduma a tsakar gida, sai ta ce da matar da aka ɗauka tana kula da ita, "Yi shiru, tela yana addu'a."

Sati uku na yi a kan bushiyar. Ranar Asabar na gama, Madam Helen tana gida. Na ɗaura mata jan gyalen, na miƙa wa tsohuwar. Ta zura hannunta a ciki ba tare da ta duba ba, kamar mai sa takalmin da ya saba. Sai bushiyar ta ɗaga kai. Ta shinshina iska, ta dubi hagu, ta dubi dama, ta yi atishawa. Wallahi ni na ɗinke ta, na san auduga ce da waya, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Sannan muryar ta fito, siririya, mai ɗan shaƙewa, wadda na sani tun ina tsaye a kan bulo.

Bushiyar ta juya wajen Madam Helen, ta karkata kai, ta ce, "Helen, kin yi aikin makarantarki kuwa?"

Madam Helen ta zame ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Na yi, Mama." Bushiyar ta miƙa hannu ta taɓa mata kumatu. Na tashi na fita wajen darbejiya na bar su. Daga baya ta gaya mini shekara guda da rabi ke nan rabon da ta ji sunanta a bakin uwarta.

Ban ce tsohuwar ta warke ba. Da an cire bushiyar takan koma yadda take. Amma kullum da yamma akan ba ta ita, su yi hira da 'yarta na ɗan lokaci.

Na gama tsoho mai tabarau, na kama agwagwa. Wata Talata da misalin ƙarfe huɗu wayata ta yi ƙara, na ga sunan yayata, Yaya Rabi. Ba mu saba magana ba sai Juma'a.

"Lawan, kana zaune?"

"Ina zaune, Yaya. Lafiya?"

"Sai haƙuri. Inna ta cika da safen nan. Yanzu aka dawo daga kai ta."

Na ce innalillahi, na sake cewa, ban san sau nawa ba. Na ce ai ranar Juma'a mun yi magana, lafiyarta ƙalau. Yaya Rabi ta ce wata biyar ke nan tana kwance. In Juma'a ta zo sai ta sa a tayar da ita zaune, a ba ta ruwa ta gyara murya. Ta hana kowa ya gaya mini, ta ce kada a ɗaga mini hankali in bar aikin Larabawa, tunda Allah Ya ɗaukaka ni. Ashe fiye da shekara ina yi mata ƙarya don kada ta damu, ita ma tana yi mini tata.

Na ajiye wayar a kan tebur. Allura tana hannuna, na kasa ajiye ta, na kasa ɗinki. Mama Doris tana gefena da bushiyar a hannu. Ban ce mata komai ba, ko na faɗa ba za ta riƙe ba. Sai na ji abu mai laushi a damtsena. Bushiyar ce ta matso, ta kwantar da kanta a hannuna. Ba ta yi muryar ba, ba ta yi wasa ba. Tsohuwar tana kallon taga, hannunta yana nan a jikina. Mun daɗe a haka. Ita ce ta fara yi mini ta'aziyyar Inna.

Da Madam Helen ta dawo daga makaranta ta ga idona, na gaya mata. Ta ce in tafi gida gobe-goben nan, ita za ta nema mini jirgi. A nan ne na faɗa mata abin da na ɓoye: ba ni da fasfo, ba ni da takarda, fiye da shekara ke nan. Fuskarta ta canza. Ta ce ko na san in aka kama ni a gidanta za ta iya rasa aikinta, a kore ta, ita da tsohuwar da ba ta da inda za ta? Me ya sa ban faɗa ba tun farko? Gaskiyarta ce. Ta ce kada in sake zuwa sai ta neme ni.

Na koma Al Quoz na yi zaman makoki ni kaɗai a bayan ɗakin gadi. Mai gadin ya zo ya ɗaga hannu muka yi fatiha. Ranar uku na yi sadaka da gurasa ga direbobin da ke jiran lodi. Ban ji haushin Madam Helen ba. Na ɗauka shi ke nan.

Bayan kusan wata guda sai ga motarta a ƙofar sito. Ta ce hukuma ta yi shelar afuwa ga waɗanda takardunsu suka ƙare, duk wanda ya kai kansa za a bar shi ya fita ba tare da an tsare shi ba. Ta ce ta yi ta bincike ne tun ranar. Ta ba ni haƙuri kan yadda ta yi mini magana a ranar da na rasa uwa, na ce ni ne mai ba da haƙuri. Ita ta kai ni ofishin jakadancinmu aka yi mini takardar tafiya a madadin fasfo, ita ta zauna a mota cikin rana tana jirana a ofishin shige da fice, inda na bi layi da ɗaruruwan irina, daga kowace ƙasa, kowa da 'yar jakarsa. Aka ɗauki hoton yatsuna, aka ba ni kwanakin da zan fita a ciki.

Na roƙe ta abu ɗaya, ta bar ni in ƙarasa agwagwar. Ba na son in bar aikin mutane a farke. Ta yarda. Kwana huɗu na yi a kanta, na gama ana gobe zan tashi. Na jera su uku a kan tebur, na tattara allurai da almakashina, na je na durƙusa a gaban kujerar Mama Doris kamar yadda ake yi wa manya sallama a gida.

"Mama, zan tafi."

Ta dube ni sosai, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba. Fuskarta ta washe.

"Arthur," in ji ta. "Ashe kai ne. Ina ka shiga?"

Na dubi Madam Helen. Ta matso ta raɗa mini cewa Arthur shi ne wanda ke riƙe agwagwa, abokin aikin mahaifiyarta, ya rasu tun ita Helen tana budurwa. Ta buɗe baki za ta gyara mata, na ɗaga hannu na ce ta bari.

"Ga ni, Doris," na ce.

Ta kama hannuna da nata biyu, ta juya tafin, ta shafa inda siminti ya bar tabo. "Dubi hannunka. Ka riƙa sa safar hannu, na sha gaya maka." Sannan ta sake ni, ta gyara bargonta. "Gobe ƙarfe tara za a fara ɗaukar shirin. Kada ka makara, ka san halinka."

"Ba zan makara ba."

Washegari ƙarfe tara ina cikin jirgi, an rufe ƙofa, ina kallon benayen garin ta taga ina neman wanda na ɗaukar wa ƙarfe, ban gane shi ba.

Na sauka Kano da azahar. Ban bari an kai ni gida ba, na ce wa mai Adaidaita ya wuce da ni maƙabarta. Mai gadin wurin ya raka ni, yana duba alamomi, har ya tsaya a kan wani kabari da ƙasarsa ta riga ta kwanta. Na ajiye jakata na zauna. Na yi mata addu'a gwargwadon abin da na sani. Da na gama ban tashi ba. Na gyara zama, na fara tun daga filin jirgi, na gaya wa Inna gaskiyar duk abin da ya faru.